Mota na shan wanki amma jikinta na kaushi: yumɓu za a saya ko safa?

Malam, ka ce kana da Corolla baƙa 'yar Kwatano da ka saya bara. Duk sati kana kai ta wanki, amma in ta bushe ka shafa bonet sai ka ji kamar an barbaɗa mata tsaki, sheƙinta kuma ya fara dusashewa. Wani ya ce ka nemi abin nan da ake rubuta wa Clay Bar a kwalinsa, wani ya ce a'a, na safar hannu ya fi, wato Clay Mitt. Kana so ka san wanne za ka saya, ko zai cire maka ƙarce-ƙarcen da ke jikin ƙofa, da kuma ko za ka iya aiki da shi da ruwan Omo tunda shi ke gida.

Bari in fara da biyun da amsarsu gajeriya ce. Ba zai cire ƙarce ba, ko ɗaya. Kuma kada ka kusance shi da Omo. Batun wanne za ka saya kuwa sai ka ɗan yi haƙuri da ni, domin in ba ka san abin da ke jikin fentin ba da abin da yumɓun yake yi masa, duk wanda ka saya a cikin biyun zai iya ɓata maka mota.

Mu a wurin aiki yumɓu muke ce masa, amma ba yumɓun tukwane ba ne. Danƙo ne na masana'anta da aka cuɗa da wani gari mai laushi sosai wanda ke iya kankare abu. A Japan aka ƙirƙiro shi, ya shiga Amurka a farkon shekarun 1990, daga nan ya bazu. In ka murza shi a hannu za ka ji shi kamar cingam mai ɗan tauri. Aikinsa ɗaya ne tak: yana zamewa a kan fenti bisa ruwa mai santsi, duk abin da ya ɗago kai sama da fentin sai ya aske shi ko ya tsige shi, ya haɗiye a cikinsa. Ƙarce kuwa rami ne, ya nutsa ƙasa, yumɓu wucewa kawai yake yi ta samansa. Shi ya sa na ce maka ba maganinsa ba ne.

Akwai abin da nake so ka riƙe a zuciya duk lokacin da za ka ɗora wani abu a jikin motar nan. Fentin da kamfani ya yi mata hawa-hawa ne: akwai na ƙasa da ke kama ƙarfe, sai launi, sai na sama mai sheƙi marar launi wanda masu fenti ke ce wa kiliya. Dukansu in an haɗa, kaurinsu yana tsakanin maikuron 100 zuwa 150 a yawancin motoci, kusan kaurin takardar A4 guda ko ya ɗan ɗara. Kiliyar ita kaɗai ba ta wuce maikuron 35 zuwa 50 ba, wato ba ta wuce rabin takardar ba. Ita ce sheƙin da kake gani, ita ce kuma ke tare rana kada ta cinye launin. Ba ta tofowa. Abin da aka kankare ya tafi ke nan, sai dai mai fenti ya sake fesa wata, kuma ta mai fenti ba kasafai take kai ta kamfani ƙarko ba.

To mene ne wannan kaushin da wanki ya kasa cirewa? Mafi yawansa ɓarɓashin ƙarfe ne. Duk sanda aka taka birki, a motarka ko a ta gabanka, ƙananan ɓarɓashin ƙarfe masu zafi suna tashi su sauka a kan fenti su lotsa ciki. Raɓa ko ruwan sama ya taɓa su, su yi tsatsa, su ƙara kama wuri. A farar mota za ka gan su ƙuru-ƙuru, ɗigo-ɗigo masu ruwan lemo a bayan but da ƙasan ƙofofi. A baƙa irin taka ido ba ya ganinsu, hannu ne ke ji. Motar da ta tsallako teku ta kuma kwana a tashar jirgin ruwa da filin dillalai, da wuya ta iso hannunka ba ta kwaso rabonta ba. Amma abin da na fi zargi, kuma ina so ka duba, shi ne inda kake ajiye ta da rana. In akwai mai walda kusa da ofis ko shagonka, tartsatsin injin yankan ƙarfensa yana tafiya nesa fiye da yadda ake zato. Na taɓa karɓar wata fara da mai ita ke ajiyewa kullum a jikin katangar wani mai ƙera ƙofofi. Gefen da ke kallon shagon ya yi jajir da ɗigon tsatsa tun daga fenda har bamba, ɗaya gefen kuwa sumul kamar ba mota ɗaya ba.

Bayan ƙarfe akwai feshin fenti da iska ke kwasowa in an bar mota a gareji kusa da inda ake fesa wa wata, ko kusa da ginin da ake yi wa fenti. Akwai kwalta da ke fallatsa a ƙasan ƙofofi in ka bi titin da ake aiki. Akwai ƙaron bishiya da kashin ƙwari da na tsuntsaye ga mai son inuwar darbejiya, da ƙurar siminti, da maiƙon hayaƙin janareta.

Ƙurar hunturu daban take, kuma mutane na rikita ta da wannan. Ƙurar nan da iskar arewa maso gabas ke kwasowa daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele a arewacin Chadi, kwanciya kawai take yi a kan mota, ruwa na ɗauke ta. Ba ita yumɓu ya zo cirewa ba. Amma ita ce babbar abokiyar gabarka a lokacin aikin, domin akwai tsakin yashi a cikinta, yashi kuwa ya fi kiliya tauri nesa ba kusa ba. Ƙwaya ɗaya ta maƙale a ƙasan yumɓu, ka ja ta a kan baƙin bonet, ka zana layi ke nan.

Kafin ka kashe ko sisi, yi wannan gwajin. Wanke motar, ta bushe, ka sa hannunka cikin siririyar farar leda irin ta ƙulla sukari, ka shafa bonet da rufi da but a hankali da kan yatsu. Ledar na ƙara wa yatsa ji ninki-ninki. In ka ji tana kamawa tana ƙara kar-kar, akwai aiki. In ta zame shiru, to motar ba ta bukatar yumɓu, kada ka yi mata shi don kawai ka ga ana yi. Daga yadda ka kwatanta, na tabbata taka za ta yi ƙara.

Rabin aikin yumɓu ana gama shi ne kafin a buɗe kwalinsa, kuma a nan mafi yawan mutane ke yin tuya su manta da albasa. A fara watsa wa motar ruwa sosai daga sama zuwa ƙasa har ƙurar ta sauka, kafin kowane tsumma ya taɓa ta. Sannan a wanke da sabulun ruwa na mota, da bokiti biyu: ɗaya na kumfa, ɗaya na ɗauraye soson duk bayan an goge wani sashe. Wankin bakin titi na bokiti ɗaya da tsumma ɗaya, wanda aka goge taya da shi aka dawo bonet, shi ne asalin yawancin ƙarce-ƙarcen da kake kuka da su. In ka tsayar da motar a rana ka ga wasu siraran da'irori kamar saƙar gizo-gizo, aikin wannan tsumman ne.

Bayan wanki, abin da magani zai iya narkarwa a bar wa magani. Kwalta tana da nata maganin na feshi. Na san da yawa kananzir suke sa wa a tsumma, kuma yana narkar da ita, amma sai a dangwala a daidai wurin kawai, a kuma wanke da sabulu nan take, domin ragowarsa na narkar da yumɓu yana kuma lalata robar safa. Fetur da tina kuwa kada ma a fara. In ka sa yumɓu kai tsaye a kan guntun kwalta, shafe ta zai yi ta zama baƙin layi, shi ma ya ɓaci.

Ƙarfen ma yana da maganinsa, irin su IronX na kamfanin CarPro da makamantansa. Ana fesa shi a kan fenti da wili, sai ka ga yana komawa shuni-shuni yana gangarowa kamar motar na zubar da jini. Sinadarin da ke cikinsa ne ke haɗuwa da ƙarfen ya narkar da shi. Warinsa kamar ruɓaɓɓen ƙwai, don haka a yi shi a fili, a sa safar roba. Minti uku zuwa biyar ya isa, a ɗauraye tas kafin ya bushe. Yana da ɗan tsada, kuma ba ko'ina ake samunsa ba, amma a kan baƙar mota ina ganin kuɗinsa halal ne, domin duk ƙwayar ƙarfen da ya narkar, ƙwaya ce da yumɓu ba zai ja a kan fentin ba. In ba ka samu ba, ana iya aikin ba shi, sai dai a ƙara yawan ninke yumɓun.

Lokaci ma yana da muhimmanci a wurinmu fiye da yadda masu rubuta bayanin jikin kwali suka sani. A watan Afrilu a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri, inda zafi ke haura digiri 40, baƙin bonet a rana ba ya taɓuwa. Ruwan santsin zai bushe kafin ka ɗora yumɓun, shi kuma ya yi laushi ya manne ya bar shafe-shafe. Yi aikin da sassafe bayan sallar asuba ko a cikin rumfa, injin a sanyaye. Ɗora bayan hannunka a kan ƙarfen, in da ɗumi ka jira. Ranar da aka tashi da hazo da iska kuwa ka ɗage aikin gaba ɗaya. Ni nakan watsa ruwa a ƙasa kewaye da motar kafin in fara, don kada takunmu ya tayar da ƙura.

Yanzu ga yumɓun kansa. Yana zuwa mataki uku: mai laushi, matsakaici, da mai kaifi. Kada launinsa ya ruɗe ka, kowane kamfani da nasa launin, abin da aka rubuta za ka duba. Kai mai laushi za ka saya. Mai kaifin na masu cire feshin fenti ne waɗanda ke da injin folish, wato na goge fenti ya yi sheƙi, a gefe, domin dole ya bar dishi-dishi. Sandar yawanci giram 100 ce. Kada ka yi aiki da ita dunƙule, yanka ta gida uku ko huɗu, ka ɗauki ɗaya ka mayar da sauran. Murza shi har ya yi laushi, in da sanyin hunturu ne ka tsoma shi a ruwan ɗumi, sannan ka baje shi kamar ƙaramar waina daidai faɗin yatsu uku ko huɗu.

Zaɓi wuri kamar kamu ɗaya tsawo da faɗi, ka jiƙa shi sharkaf da ruwan santsi, ka fesa wa yumɓun ma. Ɗora shi, ka riƙa kai shi gaba da baya a miƙe, ba zagaye ba, kuma ba dannawa. Nauyin yatsunka ya isa. Daga nan kunne da yatsa ne malamanka. Da farko za ka ji yana ɗan tirjewa, yana wani sauti shaa-shaa kamar ana share tabarma. Bayan kai-komo biyar ko shida sautin zai fara raguwa, can sai ya ɗauke ɗif, yumɓun ya riƙa sulɓewa kamar sabulu a kan tayil. Nan za ka tsaya. Duk abin da ka ƙara bayan shirun nan, fentin kake ci ba datti ba. Juya yumɓun ka duba: za ka ga ya yi ruwan ƙasa ko rawaya-rawaya da baƙaƙen ɗigo. Ninke shi dattin ya shige ciki, ka sake murzawa ka baje sabuwar fuska. Goge wurin da tawul mai laushi na maikurofaiba, ka maimaita gwajin leda, ka matsa gaba. Daga rufi ake farawa, sai bonet da but, sai saman ƙofofi. Ƙasan ƙofofi da bamba su ne ƙarshe, kuma da wani guntun daban, domin nan ne matattarar yashi.

In ya faɗi ƙasa, ya mutu. Ba a wanke shi, ba a yanke wurin da ya taɓa ƙasa, jefar da shi ake yi. Wannan na koye shi ne da tsada. A farkon fara aikina yumɓu ya suɓuce mini a kan siminti ina tsakiyar bonet ɗin wata baƙar mota ta mai kawo mana aiki. Na ɗauka na duba ban ga komai ba, na ɗauraye na ci gaba, don a lokacin guda ɗaya gare ni kuma ban yanka shi ba. Da muka fito da motar rana, rabin bonet ɗin ya cika da dogayen layuka farare. Yini guda na yi ina bin su da folish, kuma biyu daga ciki ba su fita ba. Na gaya wa mai motar gaskiya, ya yi mini kara, amma har yau in na tuna fuskarsa lokacin da ya sunkuya yana duba wurin sai in ji ba daɗi. Tun daga ranar ban sake riƙe sanda dunƙule ba.

Mu dawo kan Omo. Yumɓu bai kamata ya taɓa fenti a bushe ba ko na daƙiƙa ɗaya, a kan santsi yake yawo. Ruwa zalla ba ya ba da wannan santsin. Garin wanki kuwa an yi shi ne don ya karya maiƙo, yumɓu kuma danƙo ne, saboda haka za ka ga ya fara marmashewa yana narkewa a hannunka. Ga ƙwayoyin garin da ba su gama narkewa ba, ga farin tabon da yake bari in ya bushe, ga yadda yake kashe baƙin robobin mota su koma toka-toka. Sabulun wanke kwanuka ma kusan haka yake. Abin da ya dace shi ne ruwan feshin da ake sayarwa tare da yumɓun. In ya ƙare, ka dama sabulun ruwa na mota ya ɗan fi na wanki kauri, ka zuba a kwalbar feshi. Ka gwada tsakanin yatsu biyu, in yana sulɓi ya yi. Kuma kada ka yi rowarsa. Ban taɓa ganin motar da yawan ruwan santsi ya ɓata ba, amma na ga da yawa da ƙarancinsa ya ɓata.

Ita kuma safar, tawul ne mai laushi da aka ɗinka a sa hannu ciki, aka shafa wa fuska ɗaya wata roba mai ɗan danƙo wadda ke yin aikin yumɓu. Akwai irinta a siffar tawul da kuma faifai. Falalarta a fili take. Tana rufe faɗin tafin hannu gaba ɗaya, don haka aikin da zai ci maka awa ɗaya da rabi da yumɓu za ka iya gama shi a cikin rabin awa. In ta faɗi ƙasa sai a ɗauraye ta sosai a ci gaba, domin yashi ba ya nutsewa cikinta. Guda ɗaya tana yin motoci da dama. Sabuwa ana fara murza ta a kan gilashin gaba da kumfa mai yawa na 'yan mintuna, don a kashe mata kaifin farko kafin ta hau fenti.

Amma wannan falalar ita ce kuma aibinta. Yumɓu haɗiye datti yake yi ka ninke shi ya ɓace. Safa ba ta haɗiyewa, abin da ta kankaro yana nan a fuskarta har sai ka tsoma ta a bokiti. In ka shagala ka yi ƙofa biyu ba ka ɗauraye ba, da dattin kake goge motar. Sannan tana raba yatsanka da fentin, ba ka jin tirjiyar nan sosai, kuma da yake tafin hannu ne gaba ɗaya, mutum na dannawa bai sani ba. Ba ta shiga lungu, kamar bayan mariƙin ƙofa da kewayen tambari. Zafi kuma na kashe ta. Wani yaron shagona ya taɓa barin sabuwa a kan dashbod da rana, a ninke, fuskar robar na haɗe da juna. Da yamma muka tarar ta manne ta zama dunƙule, da muka ɓamɓare sai robar ta biyo. A abin da na gani da idona, safa ta fi yumɓu mai laushi barin dishi-dishi a kan baƙin fenti, musamman masu arhar nan da ba a san kamfaninsu ba.

Don haka ga shawarata. Kai mai mota ɗaya ne, baƙa, kuma wannan ne karonka na farko: sayi yumɓu mai laushi. Jinkirinsa alheri ne a gare ka, zai koya wa hannunka abin da safa za ta ɓoye maka, kuma sanda ɗaya za ta kai ka shekara biyu. Da a ce gidan wanki gare ka kana karɓar motoci goma a yini, ko motarka fara ce ko ruwan azurfa, ko babbar bas ce, da safa zan ce, tare da ɗan guntun yumɓu na lunguna. Mu a shago duka biyun muke riƙewa.

Sai dai ka sani, ko wanne ka ɗauka, kuma ko ka bi duk ƙa'idar nan, baƙar mota na iya nuna ɗan hazo-hazo bayan an gama. Tunda abu ne mai kankara, ba makawa ya taɓa kiliyar kaɗan. Shi ya sa a wurinmu yumɓu share fage ne, folish ke biyo bayansa. Folish mai laushi, ko da hannu ne da soso, zai ɗauke wannan hazon, kuma shi ne zai rage maka saƙar gizo-gizon nan. Ƙarcen ƙofar kuwa gwada shi da farce: in farcenka ya wuce bai maƙale ba, folish na iya fitar da shi ko ya rage shi sosai. In ya maƙale, ko kana hango fari ko toka-toka a cikin ramin, ya huda kiliya, sai mai fenti. Ka kuma kiyayi masu injin folish na bakin hanya da ke dirje mota da man kankara mai kaifi har ta yi ƙyalli a rana ɗaya. Ƙyallin na gaske ne, amma da kaurin kiliyarka aka saye shi, kuma a gefunan bonet da kan layukan jiki, inda fenti ya fi siranta, nan da nan ake ƙone shi. Garin neman gira a rasa ido ke nan.

Bayan folish dole a rufe fentin da kakin mota ko man kariya na zamani, a ranar, ba gobe ba. Yumɓu ya kwashe duk wani kaki da ke kai, fentin tsirara yake. In ba ka da niyyar shafa kariya, gara ka bar motar da kaushinta zuwa ranar da ka shirya.

Akwai wuraren da ba a kai yumɓu. In rufi ko bonet ya fara yin farin tabo kamar makero, kiliya ce rana ta cinye take ɓarewa, yumɓu zai ƙara ɗaye ta ne. Farin zoben da ruwan burtsatse ke bari in ya bushe a rana, in ya daɗe ya ci cikin fenti, shi ma ya zama rami, haka tabon kashin tsuntsu da ya kwana biyu. Fenti marar sheƙi da aka yi shi haka da gangan, da motar da aka lulluɓe da leda, ba a yi musu. Baƙar roba mai gurza-gurza ta jikin bamba tana riƙe yumɓu ta yi fari, a kauce mata. Kuma tunda taka 'yar Kwatano ce, zai yi wuya a ce babu ƙofa ko fenda da aka taɓa fesawa kafin ta zo hannunka. Fara gwadawa a wani ɓoyayyen wuri a kowane sashe. In ka ga baƙin launi ya fito a jikin yumɓun, wannan sashen babu kiliya a kansa, ka sassauta hannu ƙwarai. Wurin da aka fesa kwanan nan kuwa a ba shi aƙalla wata guda ya gama bushewa.

Gilashi dai ka yi masa ba fargaba, ta waje. Ya fi fenti tauri, kuma za ka ji bambanci a damina, waifa za ta daina tsalle tana kuka. Ta ciki kada ka taɓa in an manna baƙar leda.

Sau nawa? Ba abin kowane wanki ba ne. Sau ɗaya ko biyu a shekara ya wadatar, kuma leda ce za ta gaya maka, ba kalanda ba. Ni na fi son yi bayan hunturu ya wuce ƙura ta kwanta, sai kuma bayan ɗaukewar damina in akwai bukata. In ka ga wata biyu da yi kaushin ya dawo, matsalar tana wurin ajiya, je ka duba wa ke yanka ƙarfe ko fesa fenti kusa da inda take yini, ka sauya mata wuri. Guntayen da suka rage ka fesa musu ɗan ruwan santsi, ka rufe su a robarsu, ka ajiye a ɗaki inda ba zafi, ba a cikin but ba. Wanda ya yi dattin da in ka ninke ba ka samun fuska mai tsabta, kada ya sake hawa fenti, ka mayar da shi na goge wili.